Kafin mu ce yaran yanzu ragwaye ne

Duk inda manya suka zauna a Yamai aka taɓo zancen samari da ƴan mata, hukuncin ɗaya ne: waya ta kashe musu jiki, ba su iya komai ba sai zaman fada da shan shayi. Waya tana da nata laifin, ban musa ba. Amma ni na fi ganin hannunmu a ciki.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar aƙalla minti 60 kullum na motsin da zai sa shi haki. A binciken da ta fitar a 2019, wanda ya shafi ƙasashe 146, kashi 81 cikin ɗari na masu shekara 11 zuwa 17 ba su cika wannan awa guda. Mata kashi 85, maza 78. Ƴan makaranta kaɗai aka ƙirga fa. Yarinyar da ke yawon talla tun safe da yaron da ke tura kurar ruwa ba su cikin lissafin, su wahala ce ta yi musu yawa.

To duba yinin ɗan lekol. Da safe a ɗora shi bayan moto. Ya zauna kan benci har rana ta take. A watan Afrilu da Mayu zafi ya wuce digiri 40, wa zai yi gudu a lokacin? Da marece ga darasin ƙari, ga makarantar allo. Ɗan abin da ya rage masa shi ne tsakanin la'asar da magariba, kuma a nan ne babbar tambaya take: ina zai buga? Filin unguwa an yanka shi, an kewaye, an jera shaguna. Sai yara su aza duwatsu biyu a tsakiyar hanya su zama gola. Mota ta taho, a ɗauke ƙwallo, ta wuce, a ci gaba. Ranar da ƙwallon ya faɗa tiren mai ƙosai kuwa, su da iyayensu sun sha zagi. Yaron da aka kora haka sau da yawa zai koma gindin bango da wayarsa, can ba mai korarsa.

Na ƴan mata ya fi ci mini rai. Tana shekara 9 tana tsallen igiya ana dariya. Da ta kai 13 sai ka ji: "Ke, ba ki da kunya? Kin girma kina tsalle a titi!" Shi ke nan, an rufe. Dandalin da iyayenmu mata suka yi gaɗa a cikinsa babu shi, ba mu kuma kawo madadinsa ba. Darasin EPS ma, wato na motsa jiki a makaranta, ana yinsa cikin rana, sau da yawa ba wurin canza tufafi, shi ya sa wasu ke neman takardar likita su huta.

Kuma mu ne fa masu kokowa. A Tahoua aka fara gasar ƙasa a 1975. Abdoulrazak Issoufou Alfaga ya ciyo mana azurfa a tekwando a gasar Olamfik ta Riyo a 2016, ya zama zakaran duniya a 2017. Muna tafi a gaban talabijin, amma yaro ya shigo da ƙasa a riga sai bulala.

Roƙona ga hukumomin gundumomi da shugabannin makarantu: farfajiyar makarantun gwamnati da ake garƙamewa da marece a buɗe wa yaran unguwa bayan la'asar, a sa babba ɗaya ya tsaya, a ware wa ƴan mata ranakunsu. Filayen da suka rage kuma a bar yanka su.