Gwaggo Ba Ta Son Tsayuwa

Motata ƙirar 1989 ce, mai kafireto, wato abin da ke haɗa wa inji iska da fetur, kuma Gwaggo muke kiranta a gida, saboda ta girmi matata, sannan ba a yi mata gardama. Shekara shida muna zaune lafiya, sai rana tsaka ta ɓullo da sabon hali. Muddin tana gudu babu mai jin kanmu. Amma da zarar na taka birki na danne kuloc, allurar da ke nuna juyin inji sai ta fara gyangyaɗi. Daga 800 ta sauko 600, ta leƙa 400, sitiyari ya ɗauki karkarwa, makullan da ke rataye su shiga kaɗawa, sai tsit. Jajayen fitilun gaban direba su kama gaba ɗaya suna kallona.

Kuma Gwaggo ba ta mutuwa a lungu inda babu idon jama'a. Sai a danja, ina sahun farko, daidai lokacin da kore ya kama. Na sha hon a watan nan har na fara gane masu yi mini da murya.

Maimakon in nemi magani, sai na koyi tuƙi da ƙafa uku. Ta hagu tana kan kuloc, yatsun ta dama suna kan birki, dunduniyarta kuma tana lallashin totur kada injin ya ɗauke. Duk inda na tsaya sai ka ji vum, vum, vum, har wani matashi da ke gefena a danja ya ɗauka tsere nake nema, ya sauke gilashi ya gyaɗa mini kai. Kore na kamawa ya ɓace, ni kuwa dunduniyata ta zame, Gwaggo ta mutu.

Abin da ya sa na daina ɗaukar lamarin da wasa shi ne ranar da na ɗauko surukina. Tun daga gida nake addu'ar kada Gwaggo ta tona mini asiri, har da zagaye don in kauce wa danja biyu. A ta ukun ta yi abin nata. Na murɗa makulli, ta yi tari ta yi shiru. Na sake, na sake, har batir ya fara jan murya. Dattijon nan bai ce uffan ba. Ya cire agogonsa ya ajiye a kan kujera, ya naɗe hannun riga, ya buɗe ƙofa.

Na ce, "Haba Baba, don Allah ku zauna, ni zan tura."

Ya ce, "To wa zai tuƙa? Sa ta a giya ta biyu, in na ce saki ka saki."

Ta madubi nake hangen mutumin da ya ba ni 'yarsa yana tura ni a tsakiyar titi. Da ta tashi ya dawo ya zauna, ya mai da agogonsa, abin da ya ce kawai shi ne, "Motar tana da nauyi, ƙarfen da ne." Har yau ban san yabo ne ko zagi ba.

Washegari na buɗe bonet da niyyar yin ta ta ƙare. A gefen kafireto akwai wani ɗan sukuru da ke tokare totur don kada ya rufe ruf, shi ne na silo, wato juyin da inji ke yi da kansa in ba a taka totur ba. Na ɗaure shi rabin zagaye, injin ya ɗan ɗaga murya, na rufe bonet ina ji da kaina kamar ni na ƙera motar. Kwana uku ta koma gidan jiya. Na ƙara rabin zagaye. Bayan mako na ƙara guda cur. Daga nan na daina lissafi, sukundireba ta tare a aljihun ƙofa.

Sai masu ba da shawara suka yi mini caa. Wannan ya ce fulogi ne, na sauya huɗun duka. Wancan ya ce filtar mai ce ta toshe, na sa sabuwa. Wani ya rantse marfin diliko ne ya tsage, shi ma na saya. An kwance kafireto an wanke, an hura jet ɗin silo har sai da na hango haske ta cikinsa. Kowane gyara sai Gwaggo ta yi mini biyayyar kwana biyu, kamar yaron da aka yi wa faɗa, sannan ta ci gaba daga inda ta tsaya.

Ɗan yayata ma ya zo da wata 'yar na'ura da ake haɗawa da waya, ya ce yanzu an daina lalube, kwamfuta ake tambaya. Ya kwanta rigingine a ƙarƙashin sitiyari yana haska fitila, yana neman inda zai soka ta. Rabin awa yana nema. Ashe irin wannan soket ɗin sai daga 1996 aka wajabta shi ga motocin da ake sayarwa a Amurka, Gwaggo kuwa ta riga shi zuwa duniya da shekara bakwai. Ya fito yana karkaɗe riga ya ce, "Kawu, motarka ba ta da ƙwaƙwalwa." Na ce ai ban taɓa zarginta da ita ba.

Abin haushin, duk bakaniken da na kai wa da sassafe sai ta zauna lum, silo kamar agogo, mutumin ya kalle ni kallon mai ƙirƙira wa baiwar Allah sharri. Sai da na je wurin wani dattijon bakanike da rana tsaka, injin ya yi zafi sosai, sannan ta yarda ta nuna halinta a gaban shaida. Na fara jero masa abubuwan da na sauya, ya ɗaga mini hannu.

"Maigida, kashe rediyon nan tukuna."

Na kashe. To a nan zan faɗi gaskiya: watanni ke nan ina jin wani ɗan sauti, sss, kamar maciji a cikin ciyawa, kuma maganin da na yi masa shi ne ƙara ƙarar rediyo.

Ya sa yaronsa ya riƙe totur, ya sunkuya yana bin sautin da kunne har ya kai ga wani baƙin tiyo mai kaurin babban yatsa, wanda ya taso daga manifol, wato bututun da inji ke zuƙar iska da fetur ta cikinsa, zuwa baƙar tukunyar nan da ke bayan birki. Ya sa filaya ya matse shi daga can gindinsa. Nan take karkarwar ta tsaya. Ya saki, ta dawo. Ya matse, ta tsaya. Sai da ya yi haka sau huɗu, ina jin na ƙarshen don ni ya yi. Da ya zare tiyon ya lanƙwasa shi, sai ga tsaga ta ƙasa ta buɗe baki, inda ido ba ya kaiwa.

Ya ce inji yana son iska wajen kashi 15 ga kashi ɗaya na fetur, a ma'aunin nauyi, kuma kafireto ne mai awon. Iskar da ta shiga ta wannan tsaga ɓarauniya ce, ba ta bi ta wurin mai awo ba, don haka babu fetur ɗin da aka ware mata. In kana gudu totur a buɗe yake, 'yar wannan iska ba ta taka kara ta karya ba. Amma a silo totur kusan a rufe yake, injin yana zuƙa da ƙarfi ta duk ƙofar da ya samu, sai iskar ta rinjayi man, wuta ta kasa kamawa. Da safe kuwa cok, mai rage iska in inji yana da sanyi, yana ƙara mata fetur, shi ke rufa mata asiri a gaban bakanikai.

"Birkinka bai yi tauri ba kwanan nan?"

Na ce ya yi, amma na ɗauka ƙafata ce ta gaji da aikin mutum biyu.

Yaron ya yanko sabon tiyo, bai kai tsawon hannuna ba, aka ɗaure. Duk cikin abin da na saya wa motar nan babu mai arharsa. Dattijon ya ce in tayar. Ina murɗa makulli Gwaggo ta kurma wani ihu, allura ta haura 2,000 ta tsaya cak, kowa a garejin ya waiwayo, yaron ya yi tsalle baya.

Dattijon ya leƙa kafireto, ya daɗe yana kallon sukurun silo da ya nutse har sifirin ɗinsa ya manne.

"Wane ne ya yi wannan aika-aikar?"

Na ce, "Wallahi Oga, hannu da yawa ya taɓa motar nan."

Bai ce komai ba. Ya zagayo, ya zura hannu a aljihun ƙofata, ya zaro sukundirebar, ya shiga warwarewa yana ƙirgawa da ƙarfi don kowa ya ji. A na shida allura ta sauko 800 ta zauna. Ya jefa sukundirebar a cikin akwatin kayan aikinsa ya rufe, ya ce in ina bukatarta in zo da motar.