Gare ku masu ɗaukar 'yan ƙwadago

Assalamu alaikum 'yan uwa.

Shekaranjiya na bi ta wajen Kura ana dashen shinkafa. Gonaki biyu ne, hanyar ruwa kawai ta raba su. A ta farko mai gona yana tsaye a tudu yana ta "Kai malalaci, ɗaga ƙafa! Kuɗina kuke ci a banza!" Yaran sun sunkuya cikin laka, ba mai cewa uffan, amma ka dubi dashen: iri a kwance, wani ma yana yawo a kan ruwa. A ta biyun wani dattijo ne ya naɗe wando ya shiga fangali, yana kiran kowa da sunansa, "Sannunku da aiki, Allah ya yi muku albarka." Layinsu kamar an ja da igiya.

Iyayenmu ba don ado suke kiran makaɗi ranar gayya ba. Ganga na tashi, a yi wa saurayi kirari, sai ka ga wanda ya jigata ya sake rarumar garma.

Anas ɗan Malik (RA) ya yi wa Manzon Allah (SAW) hidima shekara 10, yana yaro fa, ya ce bai taɓa ce masa "tir" ba, bai taɓa ce masa "don me ka yi kaza" ba. Da Abu Zarri (RA) ya goranta wa wani da mahaifiyarsa, Annabi (SAW) ya ce masa akwai sauran jahiliyya a tare da shi, sannan ya ce masu yi muku hidima 'yan uwanku ne. Mu kuwa ashar ta zama mana kamar gaisuwar safe, a gona, a gareji, a wurin injin casa. Kuma yaron da ya koyi sana'a cikin zagi, ranar da ya samu nasa yaran zagin zai miƙa musu. Ba a ce kada a gyara wa mai kuskure ba, amma a ja shi gefe mana.

Ban cire kaina ba. Bara na ce wa yaron da ke mini ban ruwa "sakarai" a gaban sa'o'insa. Da yamma ya karɓi kuɗinsa, ya yi godiya, bai sake dawowa ba. Shekaranjiyar nan a gonar dattijon na gan shi, shi ne a gaban layi. Allah ya yafe mini.