Ba fari kaɗai ke korar mutane daga gidajensu ba

Da zarar an nuna mata da yara ɗauke da ƙullin kaya suna tsallaka iyaka, sai ka ji ana ɗora laifin a kan talauci, ko fari, ko sauyin yanayi. Ban ce waɗannan ba su da hannu ba. Amma mutum miliyan 123 da Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙirga a ƙarshen 2024, yaƙi da zalunci da tauye haƙƙi ne suka tayar da su, kuma mutane ne ke aikata waɗannan.

Dubi Sudan. Janar Burhan, shugaban sojojin ƙasar, da Hemedti, shugaban dakarun sa-kai na RSF, tare suka yi juyin mulki a Oktoban 2021. Da suka saɓa kan yadda za a shigar da dakarun RSF cikin soja, sai suka juya wa juna bindiga ranar 15 ga Afrilun 2023. Sama da mutum miliyan 12 suka bar gidajensu saboda rigimar mulki tsakanin mutum biyu.

Na 'yan Rohingya ya fi tayar min da hankali, domin a can korar ce manufar tun farko. Da alƙalami aka fara: dokar zama ɗan ƙasa ta 1982 a Myanmar ta cire su daga jerin ƙabilun ƙasar. Wanda aka ce ba ɗan ƙasa ba ne, taƙaita masa tafiya da karatu da mallakar gona ba ya wuya. Shekara 35 ana haka, kafin a watan Agustan 2017 sojoji su shiga ƙona ƙauyuka, mutum sama da 700,000 su tsere zuwa Bangladesh. Duniya ta ga hayaƙin, ta manta da dokar.

Ko farin ma yana zaɓen inda yake zama yunwa. Na 2011 ya taɓa Kenya da Habasha da Somaliya, amma a kudancin Somaliya aka ayyana yunwa, inda al-Shabaab ta hana ƙungiyoyin agaji da dama shiga, jama'a suka yi ta tafiya a ƙafa zuwa sansanin Dadaab a Kenya.

Shi ya sa tarukan neman tallafi ke ba ni haushi. A yi ta lissafin tantuna da buhunan hatsi, in an zo kan wanda ke sayar wa janar-janar ɗin Sudan makamai, ko mai sayen zinarin Darfur, sai kowa ya sunkuyar da kai. Ɗawainiyar kuma ta faɗa kan maƙwabta marasa ƙarfi irin Chadi, inda garin Adre ya cika maƙil da 'yan Darfur.