Akwai rai a cikin buhun nan, kada ku kashe shi

Assalamu alaikum 'yan'uwana matasa manoma. Akwai wani kuskure da nake yawan gani a tare da mu, kuma ni ma na taɓa tafka shi. Mutum ya sayo takin nan mai ƙwayoyin halitta, ya yada buhun a fili rana ta gasa shi kwana uku, sannan ya watsa shi a busasshiyar ƙasa da tsakar rana. Kaka ta yi bai ga wani bambanci ba, sai ya dinga yawo yana cewa damfara ce. Ɗan'uwa, babu wanda ya damfare ka. Kai ka kashe abin da ka saya da kuɗinka.

Wannan taki abu biyu aka haɗa: ruɓaɓɓen kashin dabbobi ko ragowar amfanin gona, da wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, waɗanda aka zaɓo aka raina saboda aikin da suke yi wa shuka. Ruɓaɓɓen takin shi ne gidansu da abincinsu, su kuma su ne ma'aikatan.

Ku dubi aikin nasu. Iskar da muke shaƙa kusan kashi 78 cikin 100 naitirojin ce, sinadarin nan da muke zuba kuɗi muna saye a buhun yuriya. Tana kewaye da gona dare da rana, amma shuka ba ta iya cin ta kai tsaye. Ƙwayar da ake kira Rizobiyom takan shiga saiwar wake, gyaɗa da waken suya, ta yi 'yan ƙulle-ƙulle, ta kamo naitirojin ɗin ta miƙa wa shukar, shukar kuma ta biya ta da sukari. Wasu ƙwayoyin suna fitar da ɗan tsami da ke narkar da fosfaras, wani sinadarin takin zamani, da ya maƙale a ƙasa, wanda wataƙila kai ka zuba shi shekarun baya amma saiwa ta kasa ɗauka. Akwai kuma wani nau'in funfuna, Tirikodama, da ke mamaye gindin shuka ya hana cututtukan ruɓewar saiwa samun wurin zama.

Kada wani ya ce muku sabon yayi ne. Tun 1888 wani masani ɗan ƙasar Holan, Martinus Beijerinck, ya ware ƙwayar da ke cikin ƙullin saiwar. A Birazil manoman waken suya sun daɗe suna shafa wa irinsu waɗannan ƙwayoyi maimakon zuba takin naitirojin, kuma a 2025 aka ba masaniyar ƙasar, Mariangela Hungria, babbar kyautar abinci ta duniya saboda shekarun da ta shafe a kan wannan bincike. Manyan gonaki ne na kasuwanci, ba masu wasa da riba ba.

Amma ni abin da ya fi burge ni ba ƙwayoyin ba ne, ƙasar ce kanta. Gonar da shekara da shekaru ba ta ga komai ba sai yuriya, za ka ga ta ƙeƙashe, ruwan sama na gudu a kanta ba ya shiga, tana kuma ƙara tsami. Ruɓaɓɓen taki yana mayar mata da laushi da duhu, ta riƙe danshi, tsutsar ƙasa, wato tana, ta dawo. In ruwa ya ɗauke na 'yan kwanaki, a nan ake gane gonar da aka ciyar da ƙasarta: yabanyarta ce ke daɗewa ba ta yi yaushi ba.

To sai dai a yi hattara da zumuɗi, mu matasa shi ke kayar da mu. Kada ka karanta wannan ka wayi gari ka ce ka rabu da takin zamani. Yuriya kashi 46 cikin 100 naitirojin ce, wato buhu mai kilo 50 na ɗauke da kilo 23. Ruɓaɓɓen taki kuwa da wuya ya wuce kashi 1 zuwa 3, kuma a hankali yake saki. Masara mai yunwa ba ta jira. Siri Lanka ta gwada garajen a 2021: gwamnati ta hana shigo da takin zamani a watan Afrilu, noman shinkafa ya faɗi, kafin ƙarshen shekarar ta lashe amanta. Haɗa takin biyu ake yi, kana rage na zamanin kaɗan-kaɗan gwargwadon yadda ƙasa ke farfaɗowa.

In za ka saya, duba ranar ƙarewar aikinsa, domin matattun ƙwayoyi ba sa noma. Ajiye shi a inuwa mai sanyi. Zuba da sassafe ko da yamma, a ƙasa mai danshi, ka rufe shi. Kada ka cakuɗa shi da maganin kashe funfuna, kashe ma'aikatanka za ka yi. In da kanka za ka haɗa ruɓaɓɓen takin, bari tarin ya yi zafi a ciki, kana juyawa, har ya huce ya koma baƙi mai ƙamshin ƙasa. Wannan zafin ke kashe 'ya'yan ciyawa da cututtuka. Ɗanyen kashin kaji kuwa ƙona tsiro yake yi, na gani da idona.

Kuma kada ka ɗauki maganata kawai. Ware kunya goma ka sa musu, goma na kusa da su ka yi yadda ka saba, ka auna abin da kowanne ya ba ka, damina biyu ko uku a jere. In wake ne, lokacin da ya fara fure tono gindi ɗaya a hankali, ka fasa ƙullin saiwar da farce. In ka ga ja-ja a ciki, ƙwayoyin na aiki. In fari ne ko kore, ba su kama ba, sai ka binciki yadda ka adana buhun.