Kunyar suruki a gidan Vanderbilt

Duk wanda ya ce maka yawon buɗe ido da suruki hutu ne, bai taɓa yin sa da cikakkiyar mara ba.

'Yar farina ce ta kai ni Providence, babban birnin jihar Rhode Island, inda take aikin jinya. A duk jihohin Amurka babu wadda ta kai ta ƙanƙanta, daga arewa zuwa kudu kilomita 77 ne kacal. Amma ƙanƙantar ba ta hana ta tara tsofaffin gine-gine ba, don sama da wurare 40 ne gwamnatin tarayya ta ayyana a cikinta a matsayin tarihin ƙasa. Surukina, yaro mai ladabi har ya so ya yi yawa, ya ɗauki alkawarin nuna mini su. Ranar Asabar uwargidansa tana bakin aiki, sai muka fita mu uku: ni da shi da jikata, wadda ke kirana "angona" da wata Hausa da ta sha ruwan Turanci.

Sanyin Oktoba na can ba ya sallama, ta ƙasan riga yake shigowa. Kafin mu fita na zauna na ga bayan filas guda na shayi mai citta da kanumfari. Har gobe ban ga laifin shayin nan ba.

Muka fara da masaƙar Slater da ke garin Pawtucket, wadda aka gina a 1793 a bakin kogin Blackstone. Surukina ya ce shi Samuel Slater ɗin daga Ingila ya sulalo, a lokacin da doka ta hana fitar da zanen injinan kaɗi daga ƙasar, sai ya haddace su a ka, ya zo ya ƙera. Ƙarfin ruwan kogi ke juya injin, ƙananan yara ke aikin. Ni da na ƙare ƙuruciyata a aikin famfo, ya kamata a ce wurin ya tafi da ni. To amma dab da ginin akwai madatsa, ruwa na kwarara ta kanta ba dare ba rana, shaaa. A nan na fara karɓar saƙo daga ƙasa.

Yanzu fisabilillahi, ta wane baki zan dubi mijin 'yar farina in ce masa fitsari nake ji? Yaron da har yau bai taɓa cin abinci a gabana ba, wanda ko a waya ya kira ni sai na ji alamar ya durƙusa? Na ce a raina, Newport, garin da za mu nufa daga nan, ai ba nisa, namiji ne ni.

Hanyar Newport kuwa ta kan gadoji ta bi, a saman mashigin tekun Narragansett. Ka duba dama ruwa, ka duba hagu ruwa. Da muka shiga gari ya rage gudu a gaban wurin ibadar Yahudawa na Touro, ya ce tun 1763 yake tsaye, babu wanda ya girme shi a cikin waɗanda suka rage a Amurka.

"Baba, ko mu ɗan tsaya a ɗauki hoto?"

"Mu wuce, Allah ya yi albarka. Na gani."

Ya ɗauka tsantseni ne na addini. Na bar shi a haka.

Da na ga ƙofar The Breakers sai hankalina ya ɗan kwanta. Gida mai ɗaki 70, na ce ko makaho ya laluba zai dace da bayan gida. Cornelius Vanderbilt na biyu ne ya gina shi tsakanin 1893 da 1895, da dukiyar jiragen ƙasa da kakansa ya kafa, kuma ba don zaman dindindin ba, don shan iska na 'yan makonni a lokacin zafi. Mai zanen, Richard Morris Hunt, ya kwaikwayo fadojin attajiran Italiya ne. Aka duba tikitinmu, surukina ya saƙala mini abin sauraro a kunne, wata murya ta fara zuba bayani, shi kuma yana bina da fassara cikin raɗa, don Turancina na karɓar kwangila ne, bai kai na tarihi ba.

Babban zauren tsayinsa ya kai mita 15, an zana sararin sama a rufin, har da gajimare. Kowa ya ɗaga kai yana mamaki. Ni ƙasa-ƙasa nake dubawa, ina neman ƙaramar ƙofa. Abin da na tarar a ƙarƙashin matakalar bene shi ne wani maɓuɓɓugar ruwa ta ado da aka sassaƙa da dutse. Na kau da kai na yi ta'awizi.

Ashe zagayen gidan hanya ɗaya ce, an shata ta da igiyoyi, ka shiga ta nan sai ka fita ta can, ga jama'a a bayanka. Muka ratsa ɗakin kiɗa, wanda a Faransa aka haɗa shi, aka kwance, aka loda a jirgin ruwa, aka zo aka sake ɗaurawa. Muka ratsa wani ɗakin da aka lulluɓe sassan bangonsa da filatinam, ƙarfen da ba ya dusashewa. Surukina ba ya tsallake ko jimla ɗaya. Idan muryar ta yi minti biyu, fassararsa sai ta yi huɗu, saboda yana ƙarawa da "Baba, kamar yadda ka sani". Ni kuwa na koma tafiya ƙafa a haɗe, na tattare babbar riga a gaba, kai ka ce hakimi ne ke duba gonar gado.

Muna hawa bene sai ga shi. Banɗaki, ƙofa a buɗe, haske tar. Da igiya a gicciye.

Ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Na tsaya a bakin igiyar nan ina kallon bahon wankan mai gidan, wanda aka fafe daga dunƙulen dutsen marmara guda. A kansa kawunan famfo huɗu ne reras. Duk da halin da nake ciki sai da sana'a ta motsa, na tambayi dalili. Ya ce biyu na ruwan daɗi ne, mai zafi da mai sanyi, biyu kuma na ruwan teku, shi ma mai zafi da mai sanyi, domin mutanen zamanin sun yarda wankan ruwan gishiri magani ne. Tekun Atlantika yana nan a ƙarshen filin gidan, ana jin dukansa a kan duwatsu ta taga, amma sai da aka jawo shi har bene. Na tausaya wa wanda aka ba kula da bututun nan, don ruwan gishiri ba ya barin ƙarfe ya tsufa da mutuncinsa.

"Kuma Baba, dutsen yana da sanyi sosai. Sai an cika shi da ruwan zafi an zubar, a sake cikawa a zubar, a sake..."

"Ya isa haka. Na fahimta."

Gumi ya keto mini a cikin wannan sanyi. Jikata, wadda tun ɗazu take kallon ƙafafuna, ta ja hannun rigata.

"Angona, me ya sa kake rawa?"

"Ba rawa nake ba, amarya. Sanyi ne."

Ta yi shiru tana nazari. Sai ta juya wajen wata dattijuwa mai kula da ɗakin, ta ɗaga murya yadda duk benen zai amfana, ta sanar da ita da Turanci tsantsa cewa kakanta yana bukatar bayan gida yanzu-yanzu, irin rawar da ƙaninta ke yi ce. Wannan kam ban nemi fassara ba. Wasu Turawa biyu suka matsa gefe suka ba ni hanya cikin girmamawa.

Surukina ya ɗaga kai ya ƙura wa rufin ɗakin ido, kamar an ce masa za a yi jarrabawa a kansa. Bai sauke kan ba, bai ce uffan ba, ya zura hannu a jakarsa ya zaro wata gorar roba, ya miƙo ta gefe. Ni ma na karɓa ina kallon bango. Wato yaron nan ya san ƙasar ba ta san buta ba, ya taho da shirinsa tun daga gida, kuma Allah kaɗai ya san tun daga wace gada ya gane halin da nake ciki. Kunyata yake ji, ina jin tasa, mun ratsa rabin jiha a haka.

Dattijuwar nan, Allah ya saka mata, ta sa ni a gaba muka sauka har inda aka tanada wa baƙi.

Da na dawo sai na ga ashe gidan yana da kyau. Sai a lokacin na lura da abin da ya fi burge ni, wato tsoron gobara. Gidan katako da ke wurin da farko ya ƙone ƙurmus a 1892, saboda haka wannan da dutse da bulo da ƙarfe aka tayar da shi, aka ware kicin a ɓangare guda, tukunyar ɗumama gidan kuma aka binne ta can wajen bakin ƙofar shiga, aka haɗa ta da gidan ta ramin ƙarƙashin ƙasa. Wannan aiki ne na mai hankali. Sai dai mai gidan bai mora ba: shanyewar jiki ta same shi a 1896, ya rasu a 1899. 'Yarsa Gladys ta ba ƙungiyar adana gine-ginen tarihi ta Newport hayar gidan a 1948 a kan dala ɗaya a shekara, ƙungiyar ta saye shi a 1972, aka sa shi a jerin tarihin ƙasa a 1994.

Daga nan muka gangara titin Bellevue zuwa Marble House, gidan William, ƙanin Cornelius. A bakin ƙofa surukina ya sunkuyar da kai ya ce wa takalminsa, "Ko akwai mai son ya ɗan zaga kafin mu shiga?" Na ce wa nawa takalmin babu.

Da dare Hajiya ta kira daga Kano ta bidiyo. Kafin in buɗe baki jikata ta ba ta rahoto kaf, har da kwaikwayon rawar. Don in kawar da zancen sai na shiga ba ta labarin Marble House, cewa an kashe dala miliyan 11 wajen gina shi, miliyan 7 a marmara kaɗai, kuma William ya ba matarsa Alva kyautarsa a 1892, don murnar cikarta shekara 39.

"Ka ji maza," in ji Hajiya. "Ni da na cika 39 me ka ba ni?"

"Ai ba ki ji ƙarshen ba. Shekara uku bayan nan auren ya mutu."

"Gidan fa?"

"Ya zauna a hannunta."

"To ina asarar take? Ba ni amaryar taka ta sake yi mini rawar, ɗazu hoton ya tsaya."