Ƙannena ɗalibai, kwalin nan da kuke rainawa karatu ne

Assalamu alaikum ƙannena 'yan sakandare, musamman ku 'yan SS2 da SS3 da jarabawar Waec da Neco ke gabanku. Wata magana ce ta tsaya min a rai tun satin da ya wuce, na ga gara in faɗa muku ita kai tsaye tunda na san ba a ajina kaɗai abin ke faruwa ba.

Na ba 'yan ajina aiki a darasin adabi, akan littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Na raba su rukuni rukuni, mutum biyar biyar, na ce kowane rukuni su nemi kwali ɗaya babba su zaɓi tauraro ɗaya a cikin labarin su nuna mana shi a zane, wato abin da ke zuciyarsa, abin da ke ɗaure masa kai, abin da hannunsa ya aikata, da inda ƙafarsa ta taka. Sharaɗi ɗaya tak na kafa, duk abin da kuka sa a kwalin nan sai kun rubuta lambar shafin da kuka samo shi a gefe. Rukuni uku suka je shagon kwamfuta aka buga musu hoton wani dattijo mai rawani da farin gemu daga intanet, suka manna da gam, suka zagaye shi da maka kala kala, wallahi ya yi kyau a ido, amma da na tambayi ɗaya daga cikinsu a wane gari aka haifi Umar sai ya kalli ɗan uwansa, ɗan uwan ya kalli ƙasa. Kagara ce fa, kuma tun farkon littafin aka faɗa. Raina ya ɓaci sosai, don yaran nan masu ƙwaƙwalwa ne, sun dai ɗauka aikin zane wasan 'yan firamare ne shi yasa ko buɗe littafin basu yi ba.

To ku saurara. Ba gwanintar zane malaminku yake nema ba. Dalilin da yasa ake ce ku zana tauraro shine bayani da baki yana da wurin ɓuya, kowa zai iya haddace "Umar mutum ne mai haƙuri da tsoron Allah" daga littafin taƙaitawa ya zuba a takarda ya wuce, amma ranar da aka ce sa wani abu a hannun Umar dole ka tsaya ka yi tunani, allo zan sa ko gafaka ko igiyar bauta, kuma me yasa? Wannan tsayawar ita ce nazari. Ita ce kuma ake tambaya a jarabawa in aka ce ka tattauna halin tauraro tare da hujja daga littafi.

Bari in gaya muku abin da wani rukunin 'yan mata suka yi. Su mahaifiyar Umar suka zaɓa, kuma ko fuska basu zana ba. Sawun ƙafa kawai suka yi ta jerawa daga kusurwar kwalin ta ƙasa, suka rubuta Kagara, sawun ya bi ta Kano, daga nan suka shafa gam suka barbaɗa yashi na gaske a tsakiyar kwalin a matsayin Sahara, har ya kai Tarabulus can sama. A farko sawun manya ne da tazara, yana zuwa sama yana ƙanƙancewa yana matsewa kamar na wanda ƙarfinsa ke ƙarewa, a kan na ƙarshe suka ɗaura ɗan guntun zare baƙi da kulli, alamar bautar da ta faɗa ciki garin neman ɗanta. Da na ce su yi bayani sai ɗayarsu ta ce, "Malam, mu mun lura shi Umar ɗaukarsa ake ta yi, an sace shi yana yaro, Abdulkarim ya tafi da shi ƙasar Masar, amma uwar ita da kanta ta tashi ta bi shi." Ajin ya yi tsit. Wannan magana babu ta a wani littafin taƙaitawa da suke yawo da shi, a cikin labarin ta tsinto ta, kuma ta tsinto ta ne saboda sai da suka zauna suka bi tafiyar matar nan gari bayan gari kafin su san inda za su sa kowane sawu. Ga haɗuwarta da ɗan nata a Tarabulus, ga rasuwarta ba da jimawa ba, duk sun shiga cikin sawun ƙarshen nan ɗan ƙarami.

Na san akwai waɗanda basa son zana surar mutum saboda addini, kuma ina girmama hakan ƙwarai, aikin 'yan matan nan ya nuna ba dole bane. In Makau ka zaɓa, mijin mahaifiyar Umar da fadawa suka yi wa sharri wajen sarki bayan dawowa daga hari har aka kore shi daga gari, ai ƙofar gari a rufe da ɗan ƙunshin kaya a waje sun isa su faɗi halin da ya shiga. In Umar ne a ƙarshen rayuwarsa a Rauta, buzu da tawada da da'irar almajirai.

Ku tuna kuma wanda ya rubuta littafin nan saurayi ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai, malamin makaranta a Bauchi, ya shiga gasar rubutun ƙagaggun labarai da Rupert East ya shirya daga Zariya a 1933, aka buga littafin a 1934, shekaru da yawa kafin ya zama Firayim Minista. Bai girme ku da wani abu mai yawa ba lokacin, ya zauna ya gina mutanen nan ɗaya bayan ɗaya, littafin kuma siriri ne, yamma biyu ko uku ta ishe ka ka gama shi in ka ajiye waya. Don Allah ku karanta da fensir a hannu, duk inda tauraronku ya yi magana ko ya yanke shawara ko wani ya faɗi wani abu a kansa ku ɗan ja layi, sai kun gama sannan ku taɓa kwali. Kuma kar ku bar wa mutum ɗaya da ya iya zane aikin ku huɗu kuna hira, gardamar da za ku yi akan wace kala ta dace da zuciyar Abdulkarim, mutumin da ya riƙe Umar kamar ɗansa ya sa shi karatu alhali fataucin bayi ne ya kawo shi ƙasar Hausa, ta fi zanen kansa amfani.

Rukunan ukun nan na mayar musu da kwalayensu, na ba su sati biyu su sake. Kwafi huɗu ne gare mu a ajin suna karɓa karɓa, jiya ɗaya daga cikinsu ya tare ni a bakin ofis yana tambaya ko zai iya canza tauraro ya koma kan Makau, na ce masa ya je ya kawo min shafukan tukuna.