Farantan sola kaɗai ba su wadatar ba

Wani rahoto da na gani kan sababbin rukunin gidaje masu kare muhalli ya fi mayar da hankali kan farantan sola, wataƙila domin su ne ido ke hangowa daga bakin titi. A ganina, aikin yana farawa ne tun daga zanen gida, wato inda tagogi suka fuskanta domin iska ta ratsa ɗaki, da abin da aka shimfiɗa a ƙarƙashin rufi don tare zafi, saboda gidan da aka tsara haka ba ya buƙatar na'urar sanyaya ɗaki dare da rana. Rahoton bai kuma taɓo batun malale haraba da siminti ba, alhali hakan yana hana ƙasa shan ruwan sama, sai ya kwarara ya cika magudanai.